Na Wuce Inna a Guje

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar labarin nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai ina ja muku rai. Ba jan rai ba ne 'yar uwa, wannan wurin ne nake ta kewayewa. Sau uku ina rubuta shi a wayar nan ina gogewa. Yau dai na ce bari in faɗa, duk abin da za ku ce min ku ce, ni na jawo.

Ga wadda ta shigo yanzu, sunana Laure. Abin nan ya faru tun muna jihar Sakkwato, ba a ma fara zancen yanka mana Kebbi ba. Shekarata ashirin da biyu, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ina zaune a Badariya wurin Goggo Kulu, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni tun daga yaye. A shekarar ruwa ya ci fadama, ya shanye shinkafar mutane tana gab da nuna, ya kwantar da ɗakuna. Sai wasu matasa ma'aikata suka kafa ƙungiya, suka shirya gudun yada-ƙanin-wani na kilomita ashirin da ɗaya a kan hanyar Argungu, masu hali su taimaka, a saya wa manoma iri. Mu goma sha huɗu ne, mata uku. Shugabanmu Abdussamadu, ɗan Argungu, malamin motsa jiki a makarantar maza. Shi ne kuma yake nemana da aure.

Ƙanwarsa Ma'u ce ta jawo ni. Tare muka yi kwalejin horon malamai, ta san ko a can babu mai kamo ni. Tela ya ɗinka mana dogon wando da riga har ƙasan gwiwa mai tsaga a gefe, mu ɗaure ɗankwali tamau da fil biyu, ga farin takalmin kambas da nake goge shi da alli kamar wani kayan lefe. Ranar da Goggo ta fara ganina cikin shigar nan sai da ta ajiye muciya.

"Ke Laure, wagga wace irin rayuwa ta? Mace da zabga gudu bisa titi kamar an biyo ta?"

"Goggo aikin lada ne fa."

"Ladan ba ya samuwa da tahiya sannu? In ba don yaron ga na da hankali ba, da ko zaure ba ki taka ba."

Ta bari ne don tana ganin gudun zai ƙare a ɗakin aure. Kullum waƙarta ɗaya, sa'o'ina duk sun yi 'ya'ya biyu ni ina nan ina shan alli.

To yanzu ku gyara zama, ga inda na tafka ta.

Mahaifina ya rasu ina goye. Amma mahaifiyata, Inna, tana raye, a wata 'yar unguwa bayan Ambursa, sana'arta gumin shinkafa, wato ta turara ɗanya ta shanya kafin a sussuke. Ni ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba lallai ku san wannan ba, a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira ni ba. In na je hutu sai ta juya wa wata maƙwabciya ta ce, "A ce ma waccan ta ci tuwo." Ina zaune nan kusa da ita. Kar ku ɗauka ƙiyayya ce. In na buɗe kwanon, duk tsokar kifin da ke cikin tukunyar gidan tana kan nawa tuwon.

Sati biyu da fara atisaye Ma'u ta ja ni Argungu in gaida mahaifiyarsu. Kai jama'a, gida! Tsakar gida shafe da siminti, fanka tana juyawa a sama, kabat cike da tangaran, ga kujeru masu rigar leshi da ba ka iya zama a kai sai da ɗosana. Hajiya mace mai fara'a, ta sa aka soya min kifi giwan ruwa. Ni kuwa ina durƙushe gefen darduma, abin da ke yawo a kaina tafin hannun Inna ne, yadda tururin gumi ya dafa shi ya tsattsage, da zaninta guda da ya koɗe.

"Ɗiyar wa ta a Birnin Kebbi?" in ji Hajiya.

Na sunkuyar da kai irin na kunyar surukai. Ma'u ta karɓe, "Wurin goggonta take, tun tana jinjira."

"Allah sarki, marainiya ta ashe. Allah shi ji ƙan iyaye, shi kai haske kabarinsu."

Na ce amin.

Wallahi na ce amin. Da bakina. Abdussamadu yana tsaye bakin ƙofa, na ga idonsa ya yi laushi don tausayi. A mota ina ta lallashin kaina, ai Baba ya rasu, amin ɗin tasa ce. Ƙarya nake. Na ji sarai ta ce iyaye, na ji ta ce kabarinsu. Kuma babu wanda ya raina min kowa a gidan nan, babu wanda ya ce ba ya son ɗiyar mai gumi. Ni kaɗai na ƙirƙiro wa kaina abin kunyar na ɗora wa uwata.

Na ce gobe zan gyara. Gobe ta zama jibi. Abdussamadu kuma ya ƙara min gata, wai marainiya ba a ɗaga mata murya. A lokacin babu waya, takardar littafin makaranta ce saƙonmu, a ninke ta huɗu Ma'u ta cusa min a jaka. Ya rubuto, "Duk abin da kika rasa na uwa, Hajiya ta ce ita za ta tsaya miki." Na karanta a bayan aji na zauna kan dutse, na kasa shiga in koyar da jam'i.

Ana haka mai horar da mu, Malam Atiku, tsohon soja mai usur a wuya, ya ce gudun cikin gari ya isa, daga yanzu duk Asabar hanyar Argungu za mu hau, tunda nan za a yi na gaske. Motar a-kori-kura ta sauke mu bayan gari da an sallame asuba, mu wuce Ambursa, mu juyo a wani kwalbati, mu dawo inda motar take. Na ce a raina ai unguwarsu Inna tana can ciki nesa da titi.

Ruwan nan ya kwantar da ɗakin Inna ita ma. Goggo ta gaya min tun lokacin, har na aika da atamfa da sabulu, amma ban taka na je ba, ina ta cewa sai an yi hutu. Ban san ta tashi ta kafa rumfar zana a kan tudu, dab da kwalta, ita da wasu mata daga ƙauyukan da ban sani ba.

Tun daga nesa na gane ta. Ta shimfiɗa tabarmi a gefen titi tana baza shinkafa, ta duƙa, ɗankwalinta ya zame. Ta ɗago jin takun ƙafafu. Idonta ya faɗa kaina, ta kawar da shi nan take kamar yadda ta saba. A ƙa'ida in tsaya, in cire takalmi, in durƙusa. Abdussamadu yana gefena yana ƙirga mana numfashi. Sai na dafe ɗankwali, na sadda kai, na ƙara wuta.

Kun san abin da ya fi komai muni? Na san ba za ta kira ni ba. Na san ko sama da ƙasa za su haɗu Inna ba za ta buɗe baki ta ce wa baƙi waccan tawa ce ba. Da kunyarta na fake. Malam Atiku har yaba min ya yi ranar, wai Malama Laure ta iya ƙara mai a daidai Ambursa, kowa ya koya.

Asabar ta gaba muka tarar da tulu a bakin rumfar, an rufe shi da faifai, ga babbar ƙwarya da ludaya guda shida. Farau-farau ne, ruwan sanyi da aka dama ɗan garin gero da tsamiya. Inna tana can gefe tana juya shinkafa, ta ce da iska, "Masu gudu su sha, sadaka ta."

Zo ku ga wawaso. Malam Atiku ya shanye ludayi uku ya ce ko a bariki bai sha irinsa ba. Abdussamadu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya miƙa mata wani abu ta ƙi karɓa. Ya dawo yana girgiza kai.

"Kin gani ko Laure? Mu muke cewa muna gudu don mu taimake su, ga wadda ruwa ya raba da ɗakinta tana shayar da mu. Zo ki sha."

"Ba na shan komai in ina gudu. Yana murɗa min ciki."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ita ma sai da na riƙe ta. Mutum goma sha uku suna sha, ni da aka dama dominta ina can tsallaken titi ina tsalle-tsallen ɗumama jiki, na ba rumfar baya. Na san gero ya yi wuya a shekarar. Na san daga bakinta take ragewa. Asabar shida a jere tana damawa, tana ƙara yawansa, ko zan gaji in sha. Ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba, don na san in na riƙe ludayin nan kuka zan fashe da shi a tona ni.

Saura kwana tara a yi gudun, ranar wata Alhamis, na dawo daga makaranta na tarar da Goggo tana fifita wuta tana murmushi ita kaɗai. Ma'u ta zo ba na nan, ta bar takarda, ta kuma kwance wa Goggo bakin jaka. Na buɗe a ɗaki. "Kawunnaina za su zo gaisuwa washegarin gudu, ranar Lahadi. Ki tambayi Goggo wa za su nufa a dangin mahaifinki."

Goggo ta leƙo. "Kawunki Ummaru za su gani, shi ab babba. Daga nan a raka su Ambursa su gaida uwarki. Kin dai shaida mata ko?"

"Ban samu zuwa ba Goggo."

"Ba ki samu zuwa ba? Ba ku kuke bi ta ƙohwarta duk Asabar ba? An ce mani har ruwa takan aje maku."

 Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Laure, kina dai tsayawa ki gaishe ta?"

"Ina tsayawa."

Ta uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa sai ƙara haƙa nake ina ciki. Na ɗauki biro na rubuta wa Abdussamadu gaskiya tsaf, shafi biyu. Na karanta, na tuna fuskarsa sanda ya durƙusa wa Inna, na tuna zai lissafa Asabar shida da na yi ina ba ta baya a gabansa. Wane namiji ne zai auri macen da ta binne uwarta da rai? Na yayyaga takardar na cusa a murhun Goggo. Na ce bari a gama gudu tukuna, kar in karya masa gwiwa. Kun ji wai don shi nake yi.

Asabar ta ƙarshe Malam Atiku ya ce kilomita goma sha takwas za mu ci, daga nan sai hutu har ranar gudu. Motar ta ƙi tashi da wuri, sai da aka tura ta, muka fara a makare rana ta riga ta ɗago. Jarkar ruwan da muke ɗorawa a baya kuma aka manta ta a gidan direba. Malam Atiku ya ce ba komai, ai akwai tulun Innar Ambursa. Haka suke kiranta.

Da zuwa kowa ya sha. Ni na tsallaka titi kamar kullum. Maƙogwarona ya bushe har yawu ya yi kauri, kwana biyu kuma ban ci abin kirki ba don tunani. Ma'u ta ɗago min ludayi daga can.

"Ke dai Allah ya shirye ki da taurin kai! Rana fa ta yi!"

Na ɗaga mata hannu na yi gaba.

Mun juyo daga kwalbati na fara jin kwaltar tana laushi a ƙarƙashina. Kunnuwana suka ɗauki ƙara. Na daina zufa, sai wani sanyi-sanyi. Na hango rumfar, na ce a raina in dai na wuce ta ko faɗuwa ce in faɗi can gaba. Na tattara abin da ya rage min na ƙara gudu. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne tabarmar shinkafa tana tasowa ta nufo fuskata.

Warin hayaƙin gumi ne ya fara dawo min. Sannan na ji kaina a kan cinya, an kwance min ɗankwali, an cire min takalmi, ana shafa min ruwa a wuya da wani hannu mai kaushi. Ko ban buɗe ido ba na san hannun. Na buɗe. Rufin zana ne a samana. Inna ta tallabe ni da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ludayi a bakina, ta karkatar da fuskarta gefe tana kallon bango. Farau-farau yana zuba min a haɓa.

"Alhamdu lillahi, ta farfaɗo!" Ma'u ce, a durƙushe tana min fifita da faifai. "Laure kin ba mu tsoro. Wallahi baiwar Allahn nan ta riga kowa isa kanki. Ta tattaka shinkafarta ta ɗauke ki cak ita kaɗai, maza ma ba su ƙaraso ba."

Na haɗiya. Sanyinsa ya sauka har cikina. Sai hawaye.

Inna ta ce da Ma'u, murya ƙasa-ƙasa, "A ce mata ta sha sannu, kar ta ƙware."

Ma'u ta yi dariya. "Inna ai ga ta nan a cinyarki, ki gaya mata mana."

Inna ta ci gaba da kallon bango. Ta sake cika ludayin.

Mazan suna waje saboda kaina a buɗe yake. Na hango ƙafafun Abdussamadu a bakin rumfar, ya durƙusa, ya juya mana gefe. Ya ce,

"Inna, ban san da bakin da zan gode miki ba. Wannan da kike gani ita nake nema, sati mai zuwa manya za su shiga maganar. Kin yi mata abin da uwa kaɗai ke yi. Ita kuwa ba ta san daɗin uwa ba, tun tana jinjira iyayenta duka biyu suka rasu."

Ludayin ya tsaya.

'Yan uwa, na so ƙasa ta tsage. Na so sumar ta dawo ta tafi da ni gaba ɗaya. Ina jin cinyar da nake kai ta sandare. A hankali Inna ta juyo da fuskarta, ta dube ni. Cikin ido. Shekara ashirin da biyu ban san idonta yana da ɗan ja-ja a gefe ba, ban san girarta irin tawa ce sak ba. Ba ta ɓata rai ba. Jira take. Ta ba ni lokaci, wallahi ta ba ni, har Ma'u ta daina fifita tana dubanmu. Kalma uku kawai ake nema, in ce uwata ce wannan. Na buɗe baki. Na hango gefen fuskar Abdussamadu. Na mayar da bakina na rufe.

Inna ta ajiye ludayin cikin ƙwarya. Ta goge hannunta a zani. Da murya sarai, irin wadda take yi wa masu sayen shinkafa, ta ce da ni, ni ɗin nan, ba ta bakin kowa ba,

"Ɗiyar ga, mi as sunanki?"

Na ce, "Laure."

"Laure," ta maimaita. "Sannu Laure. Allah shi ba ki lahiya, Laure."

Ma'u ta ce amin, Abdussamadu ya ce amin, suna murna tsohuwa ta sa albarka. Ni kaɗai na san abin da ya faru a rumfar nan. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar farinta. Ɗiyar mutane ake kira da suna.

Ta ɗaga kaina daga cinyarta da hannu biyu, a hankali, ta ɗora shi a kan naɗaɗɗiyar tabarma. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. Na kamo gefen zanin, ta zare shi ba tare da ta duba ba. A bakin rumfar ta tsaya kusa da Abdussamadu.

"Ɗana, ku ɗauke ta ku kai ta gidansu. Rana ta yi, ni ina da shanya."